Yayana ya ce bara nake so in fara a Facebook

Saƙon wannan satin daga wata ƙanwarmu ce a Funtuwa, na ɗan rage shi saboda tsawo:

"Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi, shekarata 27, ban yi aure ba tukuna. Na daɗe ina bin tsofaffin mata ina naɗar waƙoƙinsu da wayata, na daka da na niƙa da na reno da na gaɗa har da tatsuniyoyi, ina ɗorawa a Facebook da TikTok, yanzu mabiyana sun kai wajen dubu 18. Burina in sayi rikoda mai kyau da makirfo, in shiga ƙauyuka in naɗi tsofaffi kamar 40, sannan in fitar da littafi tare da muryoyin. Na yi lissafi zai ci miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, albashina kuwa ba ya ko kai ni ƙarshen wata. Mutane a kwament suna ta cewa in sa akawun za su taimaka. Amma yayana, wanda shi yake riƙe da mu tun rasuwar Baba, ya ce wannan bara ce zan zubar da mutuncin gidanmu. Ga wani mutum kuma ya biyo ni inbos ya ce shi kaɗai zai ba da rabin kuɗin amma sai na ba shi lambata mun yi magana. Anti bara ce? In ba bara ba ce ta wace hanya zan karɓa? In kuma na karɓa na kasa gamawa fa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa.

Bari in fara da aikin kansa, domin in bai kai a tara masa kuɗi ba duk sauran maganar ɓata baki ce. Aikinki ya kai har ya wuce. Tun 1911 wani Bature Frank Edgar ya fara fitar da tatsuniyoyin Hausa a rubuce har littafi uku, bayansa malamanmu na jami'a sun tattara nasu, amma takarda ba ta riƙe murya, ba ta riƙe yadda tsohuwa take jan amshi ko yadda bugun taɓarya yake shiga tsakanin baiti da baiti. Kuma waƙoƙin nan aiki ne ya haife su, injin niƙa ya zo aka jingine dutsen niƙa waƙarsa ta bi shi, siminti ya zo aka daina daɓe, 'yan mata sun daina fita dandali da daddare, toh wadda ta iya su yau tsohuwa ce, in ta tafi kuwa ta tafi da abinta. Saboda haka a kan a yi aikin ina bayanki ɗari bisa ɗari. Inda zan ja ki shi ne yadda za ki nemi kuɗin, kuma a nan Yaya yana da gaskiyar da ya kamata ki tsaya ki ji.

Kar ki ɗauke shi wanda bai waye ba ko mai yi miki baƙin ciki. Abin da yake gani a wayarsa shi kowa yake gani, mutum lafiyarsa ƙalau zai hau layif tun bayan isha'i har tsakar dare yana a taɓa allo a turo kyauta, wata ta ɗora hoton mara lafiya da lambar akawun daga baya a gano ba gaskiya ba ne ko an tara an cinye, duk wani mai hali da ya yi fosti in kin duba ƙasa lambobin akawun ne a jere. Wannan yake hangowa da sunan mahaifinku a kai, ga ki mace, ya san bakin mutane, kuma shi za a fara tara a majalisa a tambaya kafin a zo kanki. Hadisi ma yana tare da shi, hannun sama ya fi hannun ƙasa alheri. Don haka in abin da za ki yi shi ne ki ɗora akawun ki rubuta dan Allah a taimaka min in cika burina, wallahi ba zan iya kare ki a gabansa ba, domin wanda ya karanta ba shi da yadda zai bambance ki da waɗancan.

Amma ki tambaye shi cikin ladabi, wanda ya kira gayyar noma bara ya yi? Ba wanda zai ce haka, saboda gonar tana nan kowa yana ganinta, an faɗi rana, an san aikin da za a yi, mai gona ya tanadi fura da tuwo, kuma da yamma kowa zai waiwaya ya ga kunyoyin da aka tayar da ƙarfinsa. Haka nake so naki ya zama, a ga aikin, a san ranar gamawa, wanda ya sa hannu ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

Abin da za ki fara warwarewa tun kafin ki rubuta fosti ko ɗaya shi ne wane irin kuɗi kike karɓa, don a nan ne masu irin wannan suke shiga rigima, mai bayarwa yana nufin abu ɗaya mai karɓa ya ɗauka wani abu daban. Akwai gudummawa zalla, mutum ya ba ki dubu biyu ba ya jiran komai sai ya ga an yi aikin. Wannan ya halatta ki karɓa kanki tsaye, sai dai amana ce, an ba ki don rikoda da tsofaffi, ranar da buƙatar gida ta taso, kuma za ta taso, ba ki da ikon taɓawa ko da niyyarki ki mayar in an yi albashi. Daga "zan mayar" ake farawa, mutanen kirki da yawa a nan suka zame.

Akwai kuma wanda zai ce ga dubu biyar ki ajiye min littafi in ya fito. Wannan ba kyauta ya ba ki ba, ciniki kuka ƙulla, kuma daga ranar bashi ne a wuyanki. Addininmu ya daɗe da sanin irinsa, shi ne cinikin salam, a hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim Manzon Allah (SAW) ya zo Madina ya tarar mutane suna biyan kuɗin 'ya'yan itace shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe, sai ya ce duk wanda zai biya kafin lokaci ya yi a kan mudu sananne da awo sananne zuwa lokaci sananne. Ki dubi yadda ya zauna daidai a kan maganarki: littafin shafi nawa ne, waƙa nawa ce a ciki, muryoyin ta ina mutum zai same su, wa zai biya kuɗin mota in yana Sakkwato ko Legas, kuma wane wata zai karɓa. In ba ki iya amsa waɗannan yau ba toh ba ki kai ki karɓi kuɗin littafi ba, kuma na san ba za ki iya ba, don ko naɗar ba ki gama ba, balle rubutawa da gyara da maɗaba'a, ga farashin takarda da yake bin dala, abin da mai maɗaba'a ya faɗa miki yau ba shi zai faɗa ba bayan wata shida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ke kuwa za ki ci ladan mutum ɗari biyu ne kowa da wayarsa a hannu. Ki bar wannan sai rubutun ya kammala yana hannunki kin karɓo farashi a rubuce.

Na ukun shi ne wanda zai ce na zuba dubu ɗari biyu in littafi ya fito a raba riba. Ki ce masa kin gode ki wuce. Ki tambayi duk wanda ya buga littafin Hausa a 'yan shekarun nan ki ji ko uwar kuɗin ta dawo masa da sauƙi, sannan tara jari daga jama'a ta intanet abu ne da hukumar kula da hada-hadar hannun jari, SEC, ta sa wa ƙa'ida tun 2021, ba a yinsa haka kawai a shafin Facebook.

Kin ga ashe a yanzu gudummawa kaɗai ta rage miki, kuma gudummawar miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu daga mutanen da ba su taɓa ganin kin riƙe kuɗin jama'a ba, ta yi yawa. Ki yi lissafin da kanki, in kowa zai ba da dubu biyu mutum 700 kike nema. Na san za ki ce ai mabiya dubu 18 gare ni, toh ƙanwata layk kyauta ne, "sa akawun" a kwament ma kyauta ce, da yawa cikin masu rubuta shi da zuciya ɗaya suka rubuta amma ranar da kika sa ɗin datarsu ma da ƙyar suka saya, wasu ɗalibai ne, wasu Facebook ba zai ma nuna musu fostin ba. Kafin ki buɗe komai ki gwada, ki rubuta abin da kike son yi ki ce duk wanda zai iya ba da dubu biyu ko sama ya shiga wani gurup na WhatsApp ko Telegram da kika buɗe don wannan kawai. Waɗanda suka shiga su ne mutanenki na gaskiya, kuma ni a nawa ganin ko su ɗin ki sa a ranki rabinsu ne za su tura, in sun wuce haka alhamdulillah.

Sai ki datsa aikin. Zangon farko rikoda da makirfo da wurin ajiya da ɗan abin da za ki ba tsofaffi takwas ko goma, mu ce dubu 250 in farashin da kika samo ya yarda, kin ga wannan mutum 125 ne a dubu bibbiyu ko mutum 50 a dubu biyar-biyar, abu ne da ido zai iya gani. Ki sa masa ranar buɗewa da ranar rufewa, kamar sati uku ko huɗu, kuma ki daidaita shi da ƙarshen wata lokacin da ake albashi, ki kauce wa satin komawa makaranta da gab da sallah. Rana ta cika ki rufe ko an kai ko ba a kai ba, domin akawun da ya zauna a saman shafi wata da watanni shi ne yake komawa abin da Yaya yake tsoro. In kin gama zangon farko mutane sun ji muryoyin goma tas babu ƙarar iska babu kukan akuya ya danne waƙa, zango na biyu ba sai kin yi dogon bayani ba.

Maganar shiga ƙauyuka kuwa dole in tsaya a kanta ko da ba ki tambaye ni ba. Ke 'yar Funtuwa ce kin fi ni sanin halin da hanyoyin yankinku da na Zamfara suke ciki. Ba na son ki ɗauki rikoda ki kama hanyar daji saboda kin yi wa mutanen intanet alkawari, kuma ba na son ki riƙa sanar da duniya ga garin da za ki je gobe bayan kowa ya san an tara miki kuɗi. Abin baƙin ciki ne amma gaskiya ne, da yawa daga tsofaffin da kike nema rashin tsaro ya riga ya kawo su cikin gari, suna zaune a gidajen 'ya'yansu da danginsu, wasu a kangwaye. Ki fara da su, kuɗin mota ya ragu, hankalin gidanku ya kwanta, su kuma ɗan abin da za ki ba su zai yi musu rana. Fostin wuri kuma sai bayan kin dawo gida.

Ta wace hanya za ki karɓa, wannan ba shi da wuya kamar yadda ake zuzuta shi. Za ki ji ana kiran Kickstarter da GoFundMe da Patreon, shafukan tara kuɗi ne na ƙasashen waje. Kickstarter tun 2009 yake, tsarinsa in ba a kai adadin da aka sa ba ko kwabo ba a cira daga kowa, in an kai su ɗauki kashi 5 cikin ɗari ban da kuɗin cira, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da mutum zai buɗe aiki daga can, haka GoFundMe ma, sai dai wani na waje ya buɗe da sunansa ya karɓa ya turo miki, kin ga kin sake ɗora amanar mutane a hannun wani. Patreon kuma na biyan wata-wata ne da kati, katin naira ya yi shekaru ba ya biyan kuɗin waje, ko yanzu da wasu bankuna suka dawo da shi akwai iyaka, kuma mutanenki ba can suke ba. Mutanenki transfa suka sani, wasu ma sai sun je wajen mai POS. Don haka ki buɗe akawun daban na wannan aikin kawai, kar ki haɗa shi da wanda albashinki yake shiga, ko banki ne ko OPay ko Moniepoint duk ɗaya, abin da za ki duba shi ne matakinsa, domin akawun matakin farko ba ya riƙe sama da dubu 300, ki kai BVN da NIN da abin da suka nema a ɗaga shi tun kafin ranar, kar kuɗin mutane su riƙa komawa ko su maƙale. In kina son hanyar da mutum zai danna ya biya da kati, Paystack da Selar suna yi, suna cire ɗan kasonsu, ki karanta ki sa shi a lissafi. Mutanen Maraɗi da Damagaram da za su so abin nan ƙwarai, tunda waƙoƙin nasu ne su ma, sefa ce a hannunsu, sai ki samu amintacce ɗaya a can su tura masa ta Nita ko Amana ya haɗa ya canza ya turo gaba ɗaya, ki faɗi sunansa a fili don kar wani ya fito ya ce shi ne wakilinki.

Kuma ki sani ranar da lambar ta fita 'yan damfara ma sun gani. Sikirinshot ba kuɗi ba ne, alat na tes ma ana ƙirƙirarsa, sai kin shiga manhajar kin ga kuɗin sun zauna. Wani zai kira ya ce dubu biyar zai tura ya yi kuskure ya tura dubu hamsin ki maido masa sauran, kar ki mayar da komai sai kin gani da idonki a akawun. Wani zai ce daga banki yake ki karanto lambar da aka turo miki, kar ki karanta wa kowa. Wani ma zai buɗe shafi da sunanki da hotonki ya sa tasa lambar, saboda haka ki yi bidiyo da muryarki ki faɗi lambar da sunan akawun ki kafe shi a sama ki ce ban da wannan babu wata.

Yanzu mu dawo kan Yaya, don ni a wajena shi ne mabuɗin abin gaba ɗaya. Kar ki yi a bayan idonsa, ko da kin ga za ki iya. Ki rubuta komai a takarda, abin da za a saya da farashinsa da ranar buɗewa da ta rufewa, ki same shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki kunna masa waƙa ɗaya cikin waɗanda kika naɗa, in da ta wata tsohuwa da ya sani ya fi, sannan ki ce Yaya ba na so in riƙe kuɗin nan ni kaɗai, ina so ka zama kai ne mai duba akawun ɗin, ko sisi ba zai fita ba sai ka gani. Kin ga kin mayar da shi mai tsaron mutuncin gidan da yake tsoron ya zube, ke kuma kin samu shaida, domin mace ita kaɗai da kuɗin jama'a a hannu ba ta rasa mai yi mata ƙazafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ki tuna masa wannan ma. Duk sati ki fitar da lissafi a gurup ɗin, nawa ya shigo nawa ya fita, ga hoton risit, sunan wanda ya ce a ɓoye shi ki ɓoye amma adadin ya fito. In duk da haka ya ce a'a, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko inna ko malaminsa, a sake zama. In har yanzu a'a ce, toh ki bi ta wata ƙofar, Zariya ba nisa, ki je sashen harsuna da al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello ki nuna musu abin da kika tara, akwai kuma cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero da Arewa House a Kaduna, a Yamai ma akwai cibiyar CELHTO da aikinta kenan adabin baka. Ban ce za su ba ki kuɗi ba, kar ki tafi da wannan a rai, amma malami ɗaya da ya yarda a sa sunansa a matsayin mai duba aikin yana canza yadda Yaya da sauran jama'a za su kalle shi, kuma za su nuna miki yadda ake rubuta sunan mai waƙa da garinta da ranar da aka naɗa, wanda in babu shi aikin ya rage daraja a wajen masu nazari. Ko ba don kuɗi ba ki je.

Mutumin inbos kuma amsarsa gajeriya ce. Ruwa ba ya tsami banza. Ki ce masa kin gode, ga lambar yayanki shi yake kula da kuɗin, ko ga akawun ɗin da kowa yake turawa. Mai son waƙoƙin tsofaffi zai tura ya yi shiru, in ya ce lallai sai ke kin san abin da ya kawo shi. Ko da niyyarsa aure ce ta gaskiya ƙofar gidanku a buɗe take ya biyo ta nan, ba a haɗa ta da kuɗin aiki. Kuma ko mutumin kirki ne ban so rabin kuɗin ya fito daga aljihu ɗaya ba, gobe zai ce a cire waƙar kaza a sa hotonsa a bango a gode wa ubangidansa ɗan siyasa, ba ki da bakin musu.

Akwai waɗanda ba ki ambata a lissafinki ba kuma su ne masu kayan, wato tsofaffin. Wannan ya dame ni ƙwarai. Muryar tasu ce, da ita kika tara mabiya dubu 18 ɗin, yanzu kuma da ita za a tara kuɗi, toh dole su sani kuma dole su samu. Kafin ki danna rikoda ki yi wa kowace bayani da Hausar da za ta gane, cewa mutanen Kano da Makka da Ingila za su ji ta a waya, ta yarda ko ba ta yarda ba, ki naɗi amsarta a farkon faifan. Wata za ta yarda da murya ban da fuska, wata mijinta ko ɗanta ne zai ƙi, ki girmama wannan ko da waƙarta ta fi ta kowa daɗi. Waƙoƙin daka da niƙa kin sani cike suke da habaici ga kishiya da uwar miji, wani lokacin har da suna, abin da aka rera a tsakar gida shekara hamsin da suka wuce in ya hau TikTok zai iya tayar da husuma tsakanin jikoki, ki tambaye ta kafin ki saki. Ki sa ladansu a cikin kasafin a fili, kowace tsohuwa kaza, goro da sabulu daban, za ki ga ma mutane sun fi sakin hannu in sun san wani abu zai isa hannun Iya. In an zo maganar sayar da littafi kuma ki sani dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana da sashe a kan kayan gargajiya irin tatsuniya da waƙa, hukumar kare haƙƙin mallaka, NCC, ce take da ikon ba da izini in za a yi kasuwanci da su, ki nemi lauya ko ofishinsu ki ji matsayinki tun kafin ki kai maɗaba'a.

Abin da za ki ba masu gudummawa kar ya zama mai cin kuɗi, ba riga ba hula ba kofi. Su fara jin kowace waƙa a gurup kwana biyu kafin kowa, sunansu ya shiga shafin godiya, in tsohuwa ta sa albarka ki naɗa ki tura musu. Wani zai fitar da abin daga gurup ya yaɗa, zai faru, kar ki ɗaga hankalinki ki hau yin Allah ya isa, ki dai faɗi sunan aikin da muryarki a farkon kowane faifai don duk inda ya je a san daga ina ya fito. Ki buɗe YouTube ki riƙa ajiyewa a can ma, amma kar ki sa kuɗinsa a lissafi, kafin su fara ba ki kason talla sai kin haɗa masu bi 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma ba sa turowa sai ya kai dala 100. Duk abin da kika naɗa ki ajiye shi wuri uku tun a daren, waya tana faɗawa ruwa ana kuma ƙwace ta.

Tambayarki ta ƙarshe, in kin karɓa kin kasa fa. Amsarta tun a fostin farko ake rubuta ta. Ki ce in ba a kai dubu 250 ba zuwa rana kaza, da abin da aka samu zan sayi makirfo in ci gaba da waya, wanda bai yarda da haka ba ya yi magana cikin sati ɗaya in maido masa kuɗinsa. In an wuce adadin, rarar za ta zauna a akawun ta jira zango na biyu. In rashin lafiya ko aure ko canjin wurin aiki ya tsayar da ke, ki fito ki faɗa a satin da abin ya faru, kar ki bari sai an fara nemanki, abin da yake ƙona ran masu bayarwa shirun ne ya fi jinkirin, mutum ya tura saƙo ya ga an karanta ba amsa, daga nan sunanki zai fara yawo a wasu shafukan. In kuma ta tabbata ba za ki iya ci gaba ba gaba ɗaya, ki sayar da rikodar ki haɗa da abin da ya rage ki raba wa mutane gwargwadon abin da kowa ya bayar, ko ki nemi yardarsu a gurup ki miƙa kayan da muryoyin ga wata da za ta ɗora daga inda kika tsaya, shi ya sa tun ranar farko za ki samu littafi ki riƙa rubuta sunan kowa da lambarsa da abin da ya turo da kwanan wata, Yaya ya riƙa sa hannu a ƙasan kowane shafi.

Ki rubuto min bayan kun zauna da shi in ji yadda kuka yi, kuma in kin buɗe gurup ɗin ki turo min in shiga. Allah ya yi miki jagora, ki gaida Umma.